Bashin Shekarar Anza

Ranar Laraba na kai su asibitin Daura,
Inna Kuluwa a lungun a-daidaita-sahu,
Kawu Barau rungume da sandarsa
kamar wani zai ƙwace.
Shekara ɗaya da wata huɗu ne tsakaninsu.
Nono ɗaya suka sha, rumbu ɗaya suka leƙa,
rumbun da ya yi damina biyu
ba kowa cikinsa sai ɓera,
shi ma ya gaji ya yi ƙaura.

Likitar yarinya ce, 'yar Sandamu.
Ta shafa masu mai mai sanyi a ƙirji,
ta ɗora abin leƙenta,
sai ga zuciya a allo, toka-toka,
tana buɗe baki tana rufewa
kamar tarwaɗa a tafkin da ke ƙafewa.

Ta ce ta Kawu ta saki,
ta yi faɗi kamar tsohuwar salka,
tana ɗiba da yawa, turawa ta gagara.
Ta Inna kuwa ba ta kumbura ba,
sandarewa ta yi kamar fatar da ba ta ga mai ba.
Matsawa, tana yi sarai.
Buɗewa ta karɓa ne ba ta iya.

Na dubi Inna.
Wannan ai na san shi tun ba a ƙera na'ura ba.

"Kun taɓa yin doguwar yunwa?"
Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekarar anza," in ji shi,
"sai ta kwana bakwai a jiƙe ɗacinta ke fita,
mu ba mu kai na huɗu.
Mun sussuke ƙarangiya, mun tuƙa dusa,
mun tone gidan tururuwa mun kwashe mata tanadi."

Likita ta ce ba za ta rantse ba,
akwai hawan jini, akwai gishiri, akwai tsufa.
Amma jiki ba ya yafe irin wannan bashi,
ko an jima sai ya aiko,
kuma na mace da na namiji
ba ƙofa ɗaya ake buga masu ba.
Dalili? Masana na kan tambaya har gobe.

Na ce, ikon Allah, ga shi yunwar ɗaya ce.

Inna, da tun safe ba ta tanka ba,
ta gyara lulluɓi.
"Wa ya ce maki ɗaya ce?
Shi a akushin Baba yake sa hannu,
ni ƙanzo nake jira, in tukunya ta bari."
Kawu ya buga sanda.
"Ke kina inuwa.
Ni ake ɗaura wa igiya a zura rijiya,
gaba goma sha biyu, ina yasa,
cikina ba ko ruwan koko."

Fanka na ta juyawa a sama.

Can ta ce, ba shi take kallo ba,
"Rabin ƙanzon ma Nomau nake kai wa."
Ya daɗe yana murza gemu.
"Ni lomar ƙarshe a hula nake ɓoye masa."

Shekara hamsin da ɗoriya,
ba wanda ya san na ɗan'uwansa.
Nomau bai ga girbi ba.

Likita ta sunkuya kan takarda,
bironta ya daɗe a wuri ɗaya.

Magani iri biyu, leda biyu,
na ƙulla wa ta Inna jan zare kada su cakuɗe.
A bakin tasha na sa aka dama fura.
Kawu ya shanye tas, ya lashe ludayi,
ya bi ƙwaryar da ido kamar za ta gudu.
Inna ta kurɓa uku
ta rufe da faifai.

Na ce, Inna, sha mana,
buhu biyu na gero na jingine a ɗaki.
Ta ce, "Na sani."
Ta ɗora tafin hannunta kan faifan
har muka iso gida.